Yadda na ceto murjanina daga garin kalsiyom mai datti

Masu akwariyom (akwatin gilashi na kiwon kifi da sauran halittun ruwa) na ruwan teku a Yamai ba mu da yawa, to ga abin da ya same ni. Murjanina masu rai da nake kiwo a ciki suka fara rufewa, dodon koɗi na faɗowa daga jikin gilashi, alhali gishiri na kan giram 35 a lita, kalsiyom wajen miligiram 420 a lita, awon duk lafiya lau. Ashe matsalar garin kalsiyom kulorayid ɗin da na sayo a wani shago don ƙara wa ruwan kalsiyom ne, cikin leda babu ko rubutu, irin na masana'antu. Da na narka shi a ruwa sai ga wani jan laka ya kwanta ƙasan bido. Irin wannan yakan zo da amoniya ko ƙarafa, kuma tagulla ko ƴar kaɗan ce kifi zai iya jurewa amma murjani da jatan lande ba sa ɗauka.

Na tsayar da zuba garin, na yi ta canjin ruwa kaɗan-kaɗan da ruwan osmos (wanda na'ura ta tace sosai), ba na famfo ba saboda kulorin, na sa gawayin tacewa. Yanzu na abinci kawai nake saye, kalsiyom mai lamba E509, bikarbonat (bakin soda, da shi ma nake zubawa) mai lamba E500. Wani ya ce in sa kanwa wai ai duk ɗaya ne, a'a wallahi, kanwa cike take da ƙasa da wasu gishirai.

Kuma kar ku zuba kalsiyom da bikarbonat lokaci guda, haɗuwa suke su koma farin alli, ruwa ya yi hazo. Ni kalsiyom da safe, bikarbonat da dare, kusa da bakin injin da ke juya ruwa.