Yadda Za Ki Zaɓi Kayan Bikin Da Za Su Karɓe Ki a Garin Jos

A gidan biki, idan mace ta shigo aka bi ta da kallo, abin da mata ke raɗa wa juna shi ne, "Kai, kayan nan sun karɓe ta." Sau da yawa wadda aka faɗa wa haka atamfa ce mai sauƙin kuɗi a jikinta. Ta gefenta kuwa ta sha leshin da kuɗinsa zai biya hayar ɗaki a unguwar Rikkos, amma ba wanda ya waiwaye ta. Na daɗe ina raka ƙannena da 'ya'yan yayyena kasuwa da wajen tela, na ga kayan da suka yi, na ga waɗanda aka sa sau ɗaya aka tura ƙasan akwati. Ga yadda nake bi.

Mataki na 1: Ki san zaman da za ki je, da watan da ake ciki

Kafin ki taka kasuwar Terminus, ki karanta katin gayyatar da kyau. Biki ɗaya yanzu yakan haɗa kamu, sa lalle, walima, wuni, dina, sannan kai amarya, kuma kowanne da irin zamansa. Walima wajen nasiha ne, iyaye na nan, malama na nan, abaya ko doguwar riga mai yalwa da babban mayafi sun ishe ki. Kamu da wuni galibi a gida ake yi ko a rumfar ƙofar gida. Za ki zauna a tabarma, ki tashi ki zuba wa baƙi abinci, ki durƙusa ki gaida gwaggon amarya. Dina ce kaɗai za ki zauna a kujera ƙarƙashin fitilu ana ɗaukar hoto. Kayan dina a wajen wuni wahala ce kawai.

Sai yanayi, wanda baƙi suka fi mantawa da shi. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. A Disamba da Janairu, lokacin da biki ke yawa saboda hutu, da an yi magariba sanyi ke saukowa. Kowace shekara sai mun ga 'yan uwa daga Kano ko Abuja sun zo da boyal shara-shara, ƙarfe tara na dare suna rawar ɗari, suna aron rigar sanyin yara suna ɗorawa a kan kwalliya. A Yuli da Agusta kuwa ruwa ne kusan kullum, siket mai jan ƙasa kafin ki sauka daga keke ki shiga gida ya kwashi jar laka.

Mataki na 2: Yadin

Tun da gobarar 2002 ta cinye babbar kasuwar Terminus, masu yadi suka bazu a shagunan Ahmadu Bello Way da layukan da ke kewaye, don haka ki shirya yawo. Masu biki babba sukan aika Kantin Kwari a Kano a yi musu sari, musamman na anko.

Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuma yawanci yadi 5 ake sayar da shi. Atamfa auduga ce, tana shan gumi, tana jure zama da tashi, ita ce ta wuni. Ko Vlisco ce ta Holan, ko Hitarget ta Sin, ki tambayi aljihunki. Ɗinki mai kyau yana ɗaga mai arha, mummunan ɗinki yana kashe mai tsada. Abu ɗaya dai ki yi: ki jiƙa farin hankici ki goga a bakin atamfar. Idan launi ya fito a hankicin, zuba take yi, kuma ranar biki a farin gyalenki za ta zuba.

Leshi mai duwatsu yana haskawa da dare, amma yana da nauyi, yana kama zaren gyale, yana kartar hannun jariri idan kina goyo. Ki shafa bayansa a wuyan hannunki. Idan ya yi ƙaiƙayi a shago, a hol zai hana ki sakat, sai an sa masa lallausan shafi. Shadda kuwa ita ce ƙawar sanyin Jos, tana da kauri tana tsayuwa a jiki, shi ya sa nake son ta a bikin Disamba.

Mataki na 3: Launi, a gwada shi a fuska

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗora yadi a bayan hannu a cikin shago. Fitilar shago tana ƙarya, kuma ba hannunki za a kalla ba. Ki ce wa mai shagon, "Alhaji, bari in fita da shi bakin ƙofa." Ki yafa shi a ƙarƙashin haɓarki a hasken rana, ki duba madubi ko kyamarar waya. Idan fuskarki ta yi haske, idonki ya fito, naki ne. Idan kin yi kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi, ki ajiye shi ko da kowa na yayinsa.

A abin da na gani, baƙar mace tana fitowa sosai a ruwan goro, ruwan ƙwai mai ƙarfi, fari tas, da shuɗi mai haske. Ana yawan tsoratar da baƙaƙe da launi mai ƙarfi, ni ban yarda ba. Abin da ke dusashe su shi ne ruwan ƙasa da ruwan toka mai duhu, waɗanda ke sajewa da fata. Wankan tarwaɗa kusan komai yana yi mata, amma ruwan hanta da kore mai duhu sun fi. Fara kuma ta yi hattara da ruwan madara da ruwan hoda mai fari-fari, sukan wanke ta ta zama fayau.

To, idan anko ne fa, launin kuma bai yi miki ba? Nan dabara ke aiki. Abin da ke kusa da fuska shi ke hukunci. Ki yi ankon kamar kowa, amma ki nemi launin da ya karɓe ki a cikin zanen atamfar, ko ɗan ɗigo ne, ki sayi gyale irinsa, ko tela ya yi miki bakin wuya da shi. Kin yi anko, kin fita kunyar amarya, fuskarki kuma ba ta mutu ba. Kuma ki tambayi ƙawayen amarya launin da za ta sa a kowace rana, don kada ku yi karo. Ba abin da ya kai wannan jawo harara daga dangin ango.

Mataki na 4: Ɗinkin da jikinki ke so

Nan ne ake faɗuwa. Mace za ta ga hoto a Instagram, wata doguwa siririya a tsaye ta riƙe numfashi, ta kai wa tela ta ce irin wannan sak. Ba ta tambayi kanta ko mai hoton ta iya zama da rigar ba.

Idan ke gajera ce, ki guji atamfa mai manya-manyan furanni, fure ɗaya ya cinye miki rabin jiki. Ƙananan zane, ko zanen da ya bi tsaye daga sama zuwa ƙasa, shi ke ƙara tsawo, kuma ki ce wa tela ya yanka yadin yadda zanen zai sauka, kada ya kwantar da shi. Doguwar riga launi ɗaya daga kafaɗa zuwa idon sawu ta fi miki riga da siket masu launi biyu, domin duk inda aka raba ki a tsakiya an rage ki. Bubu ma kina iya sawa, amma kada faɗinsa ya wuce gwiwar hannunki idan kin buɗe hannu, in ba haka ba sai a ga kaya na tafiya ba mutum.

Doguwa siririya ita ce ta manyan furanni, tattara, hannu mai kumbura, da riga mai baza a ƙugu. Duk abin da ke ƙara cika nata ne.

Mai jiki kuma, Allah ya sani, telolinmu sun fi zaluntarta. Ko su matse ta har numfashi ya gagara, ko su zuba mata buhu. Abin da ke yi mata kyau shi ne rigar da ta zauna daidai a kafaɗa da ƙirji, sannan ta sake a hankali zuwa ƙasa. Kafaɗa ita ce sirrin. Idan ɗinkin kafaɗa ya zazzago, rigar duka ta lalace. Mai cikar ƙirji ta bar wuya mai tattara da duwatsu a gaba, ta yi wuya mai ɗan tsini zuwa ƙasa wanda bai buɗe ba, adon ya koma bakin hannu ko ƙasan riga. Mai faɗin ƙugu ta kai adon sama, siket ya zama mara hayaniya. Wadda ciki bai koma ba bayan haihuwa, a yanke mata rigar daga ƙarƙashin ƙirji ta sauka, kada a sa mata ɗinki a kan cibiya. In kina shayarwa, zif a gaba, a ɓoye shi cikin ninki. Za ki gode mini.

Kada kuma a rena riga da zani. Iyayenmu da suka riƙe shi sun san abin da suke yi: zani yana bin jiki ko kin ƙaru ko kin ragu, kuma mace mai iya ɗaura shi ba ta tsufa a ido.

Mataki na 5: Tela

Ki kai ɗinki aƙalla mako uku kafin biki. Idan bikin ya faɗo kusa da Salla, ko watan Sha'aban da kowa ke son aurarwa kafin azumi, ki ninka. Ranar bikin da za ki faɗa wa tela ta zo kafin ranar gaskiya da mako guda. Shi ma ya san kin yi haka, amma dai yana taimakawa. Kada ki ce "awona na nan a littafinka", a sake auna ki, kuma ki je da irin rigar ciki da takalmin da za ki sa ranar, domin su ke canza ƙirji da tsawo. Ki sa ya fara cire ɗankwali kafin ya taɓa sauran, don kada a ƙarshe ya haɗa miki da ƙyallaye. Ki ce ya bar rara a cikin ɗinkin gefe yadda za a iya buɗawa. Kuɗi kuma rabi yanzu, rabi ranar karɓa.

Mataki na 6: Gwaji, tun a shagon

Tsayuwa gaban madubi ba gwaji ba ne. Ki zauna a kujera. Ki durƙusa kamar za ki gaida surukarki. Ki ɗaga hannu kamar za ki yi liƙi. Ki ɗaga ƙafa kamar za ki hau keke. Sannan ki naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, domin wunin biki yana haɗa azahar, la'asar da magariba. Ni kaina wani tela ya taɓa yi mini leshi mai matsattsen hannu, na yi ta murna da shi, sai da aka kira la'asar na gane hannun ba ya motsi. A ɗakin uwar amarya na tuɓe rigar gaba ɗaya na yi alwala da aron hijabi, wata tsohuwa na kallona tana cewa, "'Yar nan, wannan riga ce ko mari?" Tun ranar, duk hannun da ya matse sai an sa masa ɗan zif ko maɓalli.

Mataki na 7: Kai, gyale da ƙafa

Ɗaurin ɗankwali ya bi fuska. Mai zagayayyar fuska ta ɗaga shi sama, mai doguwar fuska ta baza shi gefe. Gwaggwaro na dina ne, kuma in ba ki saba ba ki sa a ɗaura miki sassauƙa, ciwon kai yake sawa kafin a yanka kek. Idan kayan na da hayaniya, gyale ya zama launi ɗaya, sarƙa ƙarama. Idan kayan shiru ne, to sarƙa da awarwaro su yi magana. A bikin sanyi ki zaɓi gyale mai ɗan kauri, ya zama ado ya zama bargo. Ƙunshin lalle a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don ja ya nuna, kuma kada ya ɓata sabon yadi.

Maigida ko ƙaninki da zai je ɗaurin aure, nasa ya fi sauƙi amma shi ma akwai lura. Babbar riga da 'yar ciki da wando sukan ci shadda yadi 10, kaftani da wando kusan 5. Gajeren namiji kada kaftaninsa ya sauka can ƙasan ƙauri. Hula, ko Zanna Bukar ce ko ƙube, a daidaita ta da zaren aikin wuya. Farar shadda irin Getzner a watan Agusta kuwa, sai in a mota za a ajiye shi a ƙofar masallaci.

Daren jajibiri ki goge komai ki rataye, domin ba a dogara da wuta da safe. Takalmi sabo ki sa shi a tsakar gida na kwana biyu ya saki. A jaka ki jefa fil guda uku, allura da zare kalar kayan, da silifas mara tsini a leda. Wajen ƙarfe goma na dare, lokacin da za a ce a fito a raka amarya, layin gidan angon ƙila duwatsu ne da gangare, motar kuma a bakin titi za ta tsaya.