Yadda ake nazarin tsofaffin kundaye a gidajen malaman karkara

Mai binciken adabi da addinin ƙasar Kano na zamanin da yakan fara da Arewa House a Kaduna ko ɗakin karatun Jami'ar Bayero. Amma takardu da yawa ba su taɓa leƙa can ba. Suna nan cikin gafaka da akwatunan ƙarfe a gidajen malamai, a ƙauyukan Gaya da Rano da Ringim da Haɗejiya, kuma shiga wajensu yana da ladabinsa.

Ka je bayan kaka, an gama aikin gona, kafin wasu malaman su fita ci-rani da almajiransu. Fara da gaida dagaci ko mai unguwa, a haɗa ka da wanda zai kai ka. Ranar farko ta gaisuwa ce da bayani: "Allah ya gafarta Malam, karatu ya kawo ni, ba zan fita da ko warƙa ɗaya ba." Kada a ga kyamara a hannunka ranar. A kundi akwai laƙani da asirin gida, saboda haka abin da malam ya ce kada a ɗauki hotonsa, a bar shi. Idan Alƙur'ani ne, sai da alwala.

Littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a jere tsakanin kwali biyu ko fata. Babbar ɓarnar da ɗalibai ke yi ita ce hargitsa jerin. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma cikin zaure, inda iska ba ta kaɗawa. Wanke hannu ya bushe sarai. Ɗauki warƙa ɗaya, yi mata hoto gaba da baya, kife ta a gefe, sannan ta gaba. A ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar da za ta buɗe ta gaba. In ba su dace ba, wata ta ɓata ko an cakuɗa littafi biyu. Rubuta hakan a littafinka da fensir, kada ka gyara jerin kafin ka gama ɗaukarsa yadda ka same shi. Ajiye rula a gefen takarda don girmanta ya fito a hoto, ka kashe fitilar kyamara, hasken ƙofa ya isa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen shekaru. Shekarun littafi daban, shekarun kwafin da ke hannunka daban. Almaghili, malami daga Arewacin Afirka, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nasiha kan sha'anin mulki, amma kwafin da za ka tarar a ƙauye mai yiwuwa wani ya juye shi ne shekaru ɗari uku ko huɗu bayan nan. Wanda ya rubuta a kundin digirinsa cewa ya riƙe takardar zamanin Rumfa ba tare da hujja ba, ya rusa aikinsa da kansa.

Don gane shekarun kwafi, ɗaga takardar ta fuskanci haske. Idan ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. In kuma da sunan Andrea Galvani, kwafin bai riga ƙarni na 19 ba. Takarda mai layi irin ta kanti tana nuna zamanin Turawa ko bayansa.

Sai ka duba ƙarshen littafin, inda marubuci ke cewa "tammat", wato an kammala, ya faɗi sunansa da na wanda ya rubuta wa. Wani lokaci shekarar tana cikin ramzi, wato kalmar da ake lissafa haruffanta, kowane harafi da lambarsa. A nan sai an kula ƙwarai, domin malamanmu lissafin Magrib, wato yammacin ƙasashen Larabawa, suke bi: shinun 1000 ne, sinun 300, sadun 60, lodi 90. A lissafin Gabas shinun 300 ne. Ɗauki kalma mai shinun da ra da ɗa: a wajenmu 1000 da 200 da 9, wato 1209 Hijira. Wanda ya bi lissafin Gabas zai sami 509, ya yi kuskuren shekara 700 cur. Don komawa Miladiyya, ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622, sai 1209 ta ba ka wajen 1794. Ka kuma tantance ko ramzin na mawallafi ne ko na mai juyi, don masu juyi sukan kwafe shekarar asali yadda suka gan ta.

Kada ka raina rubutun gefe da na tsakanin layuka. Nan ne ɗalibi ya fassara kalmar Larabci da Ajamin Hausa ko Fillanci yayin da malaminsa ke ba da karatun Risala ko Ishiriniya, kuma sau da yawa ya fi matanin kansa nuna yadda aka yi karatu a garin.

Kwafi ɗaya ba ya yanke hukunci. Tarihin Kano da Bature Palmer ya fassara a 1908 ya sa zuwan Wangarawa, malamai da fatake daga Mali, a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, alhali littafin Asalul Wangariyyin, mai ɗauke da shekarar 1061 Hijira, ya kai zuwan jagoransu Shehu Abdurrahman Zaite zamanin Rumfa. Irin wannan saɓani sai an jera ruwayoyi an gwada, an tambayi malamin gidan daga wa kakansa ya ɗauki karatu, an rubuta salsalar.

Kafin ka tafi, buga hotunan ka kawo wa malam nasa kwafin. Ka roƙe shi a ɗora akwatin a kan benci, nesa da bango, saboda gara da yoyon damina. A cire takardun daga leda, don tana tara gumi su yi fumfuna. Wadda ta yage a sa ta tsakanin fararen takardu biyu, kada a manna mata salatif: ƙaronsa yana rina takarda, ranar da aka zo ɓarewa kuma ya tafi da tawadar.