Yadda Za Ka Tsara Asusunka Na Intanet Da Rubutunka Kafin Ta Allah Ta Kasance

Ana dawowa daga maƙabartar Ɗan Marna a zauna karɓar gaisuwa, wayar mamaci kuma a jefa ta durowa har sai an yi arba'in. Daga nan asarar take farawa. Layin da ke cikin wayar nan ta kansa lambar sirrin banki take shigowa, da shi aka buɗe WhatsApp da OPay ko Moniepoint, shi kuma Gmail ke nema idan an manta kalmar sirri. Layin da ya daɗe babu kira babu kati, kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, saƙon kuɗin mamaci ya koma faɗawa wayar baƙo.

Don haka aikin iyali na farko shi ne su riƙa yi wa wayar caji, su sa kati da data, su ɗan yi kira da ita lokaci-lokaci. WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, ka ga kafin uwargida ta fita, asusun ya tafi, alhali ɗan kasuwa sau da yawa a can lissafin masu bashinsa yake.

Raya layi ba izinin taɓa kuɗi ba ne. Abin da ke banki ya zama na magada tun ranar rasuwa, ɗan da ya san lambar ya tura wa kansa, haƙƙin 'yan uwansa ya ci. A karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a je kotun da za ta raba gado, a kai wa banki takardar kotun. Sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba.

Kai da ke raye, nemi takarda biyu. A ta farko rubuta kowane asusu, lambar waya ko imel ɗin da aka buɗe shi da ita, da abin da kake so a yi da shi: a rufe, a bari, ko a miƙa wa wane. A ta biyu rubuta lambar buɗe wayar da kalmar sirrin imel, ka liƙe a ambulan, ka ba wasiyyinka. Kada su zauna wuri ɗaya, kuma kada ka ajiye su cikin wayar da ita ce za a kasa buɗewa. Idan da yatsa kawai kake buɗe waya, ka tabbata lambar tana ambulan.

Google yana da tsarin miƙa bayanan asusun da aka daina shiga tun 2013 a myaccount.google.com/inactive. Za ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na rashin motsi, ka sa mutane har 10 da za a sanar, ka ware wa kowa abin da zai iya saukewa: wani hotuna, wani takardun Drive. Wata 3 ya yi kusa ga mai yawan jinya, 6 ya fi dacewa. Wanda bai yi komai ba, daga Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. A Facebook, cikin saituna, za ka naɗa magajin shafi ko ka ce a goge shi bayan rasuwa. Magajin zai iya kafa sanarwa a sama ya canza hoto, amma ba zai karanta saƙonninka ba. Mai iPhone, daga iOS 15.2, zai naɗa mutum a ba shi mabuɗi na musamman na samun bayanan asusunsa na Apple, wanda zai haɗa da takardar mutuwa. A buga mabuɗin a takarda.

Marubuta su ne suka fi sakaci. Littafi mai babi saba'in yana warwatse a zaurukan WhatsApp da Wattpad, babu cikakken kwafi ko ɗaya. Dandali ma mutuwa yake yi: OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai, ya rufe a 2023. Haɗa kowane littafi a fayil guda mai sunanka da shekara, ka ajiye a Drive, a filashi, ka kuma buga ɗaya a shagon kwamfuta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato cinikinsa gado ne kamar gona. Mai rubutu da sunan aro ya faɗa wa wasiyyi sunan, in ba haka ba magada ba su da hujjar cewa nasu ne. Ka kuma fayyace wanda ka yarda ya ƙarasa labarin da bai kammala ba, da rubutun da kake so a sauke gaba ɗaya.

Duk ranar da ka canza waya ko layi, ka sabunta takardun nan. Ka tambayi wasiyyin ma ko lambarsa tana nan, domin Google sai ya tura saƙon tantancewa zuwa lambar da ka sa masa kafin ya bar shi ya sauke komai.