Shawara ga masu kai tsofaffi asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan za a kwantar da tsoho a asibiti a nan Maradi, ciwon da ya kawo shi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, domin mai shekara 65 zuwa sama yakan zo da wasu matsaloli da ba sa fitowa sai an bincika.

Ku tattara duk magungunan da yake sha a leda guda, har da jiƙo da sauyoyin gargajiya, ku nuna wa likita ba tare da ɓoye komai ba, saboda ƙodar tsoho ba ta tace magani kamar ta matashi. Ku faɗa idan ya taɓa faɗuwa a watannin baya, idan yana ƙwarewa wajen shan kunu, ko kuma rigunansa sun fara yi masa yawa.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne rikicewar tunani. Lokacin da aka kwantar da Baba, a daren farko ya riƙa kiran ƙanena da sunan wansa da ya rasu, muka ce tsufa ne, ashe ƙarancin ruwa a jiki ne, ga zafin watan Afrilu. Rikicewar da ta zo farat ɗaya alamar ciwo ce, a gaya wa ma'aikatan jinya nan take.

Wanda ba ya iya tashi kuma, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, ana duba ƙugu da dunduniya kada gyambon kwanciya ya fito.