Yadda na gano abin da ke shanye mana iskar oksijin

Likita ya ce a riƙa sa wa mahaifiyata oksijin lita 2 a minti. Tukunyarmu tana ɗaukar kusan lita 680, ke nan ya kamata ta kai awa biyar da ɗoriya, amma ko uku ba ta cikawa.

Da fari na zargi masu cikawa. Na duba agogon tukunyar a gabansu, allura tana kan psi 2000 (ma'aunin matsin iska ke nan), cike take taf. Na canza robar hanci, na sake ɗaure murfin kwalbar ruwan da iskar ke ratsawa, duk a banza.

Ga gwajin da ya tona asirin. Lokacin da mahaifiyata ba ta kan iskar, na mayar da ma'aunin lita kan sifili, na buɗe bawul a hankali har allura ta hau, sannan na rufe shi na zuba ido. Cikin minti biyu allurar ta sauko. Ashe yoyo ne.

Na saki ragowar iskar har agogo ya koma sifili, na kwance regileta, wato na'urar da ke daidaita fitar iskar. Ƴar wosha da ke tsakaninta da bakin tukunya ta tsage, ta lotse kamar an taune ta. Na wanke hannu na shanya sarai, domin maiƙo da oksijin wuta suke haifarwa. Kada a kuskura a shafa wa wurin mai ko man shafawa. Na sa sabuwar wosha guda ɗaya tak, irin wadda aka yi don oksijin, na daidaita filoli biyu na regiletar cikin ramukansu na bakin tukunya, na ɗaure da hannu kawai.

Na maimaita gwajin, minti goma allura ba ta motsa ba. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa ma'aikaciyar jinyar da ta koya mini.