Yadda ake tsara lokacin shukar waken suya don rage ɓarnar ƙwari

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege a Legas suna noman waken suya ta hanyar aika kuɗi gida, Kaduna ko Neja ko kudancin Kano, kuma yawanci jinkirin aiken kuɗin ne ke jawo shukar makara, wadda ƙwari suka fi yi wa illa.

Matakin farko shi ne a tsayar da lokacin shuka bisa daminar inda gonar take. Ruwan Legas yana sauka tun watan Maris ko Afrilu, saboda haka ba ma'auni ba ne. A yankin Zariya ana shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. Wanda ya yi gaggawa, wakensa zai nuna ana tsakiyar ruwa, kwanso ya yi ruɓa. Wanda kuma ya makara, wakensa zai fara ƙwaya daidai lokacin da ƙwari masu tsotsar kwanso suka hayayyafa a gonakin da suka riga shi, su taso gaba ɗaya su sauka a tasa. Shi ya sa ya fi kyau a yi shuka tare da maƙwabta. Idan makarar ta zama dole, a nemi iri mai saurin nuna, kamar TGx 1835-10E na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan.

Na biyu, a sa mai kula da gona ya riƙa zagayawa kowane mako da sassafe. Ya shimfiɗa farin buhu tsakanin kunyoyi, ya girgiza shukar a kansa, ya ɗauki hoton abin da ya zubo ya turo ta WhatsApp. Kafin fure, tsutsa da fara masu cin ganye ba su cika zama abin tashin hankali ba, domin waken suya yana jure asarar ganye ya sake tofo. Hatsarin yana farawa ne da fitowar kwanso, musamman daga koren ƙwaron nan mai wari, wanda ke soka baki ya bar ƙwayar a yamutse.

Na uku, a bambance maɓarnata da masu farautarsu. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro da jan ƙwaro mai ɗigon baƙi duk ma'aikatan manomi ne. Ƙwan koren ƙwaron yana jere a bayan ganye. Idan ya yi baƙi, ƙaramin zanzaro ya riga ya saka nasa a ciki, sai a bar shi. Feshin da ake yi tun shuka na ƙarama, don kawai maigida ya turo kuɗin magani, waɗannan masu farautar yake fara kashewa.

Sai adadin masu tsotsa ya riƙa ƙaruwa daga mako zuwa mako za a yi feshi, da yamma, da magani mai lambar NAFDAC, bisa awon da malamin gona ya bayar.