Ga mai son dashen dabino a ɗakin haya a Ingila

Duk bayan ƙaramar sallah sai na shiga ɗakin wani sabon zuwa a nan Manchesta na tarar da ƙwallayen dabino jiƙe a kofi bakin taga. Ban ga laifinku ba. Wanda ya tashi yana ganin giginya da goruba a hanyar gona, dole idonsa ya yi kewa.

Tsirar da ƙwallon ba wani aiki ba ne. Ka jiƙa shi kwana biyu, ka binne a tukunya mai zurfi, ka ajiye wuri mai ɗumi, cikin wata ɗaya zuwa biyu zai leƙo kamar tsiron gero. Sai dai ka cire rai da 'ya'ya. Dabino da namiji da mace, kuma zafi irin na Bilma yake so, mu kuwa a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. In ado kake nema, sayi wanda aka rubuta wa Chamaedorea a jikin tukunya, ɗan dajin Meziko ne, ya saba da inuwa. Mai tsakar gida ya nemi Trachycarpus, ɗan ƙasar Sin, wanda ke kwana a waje ko ƙanƙara na zuba. Kar kuma ka sa a ƙunso maka dashe daga gida, in babu takardar shaidar lafiyar tsiro ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Inda na sha kashi shi ne wajen mai gida.

Shekarata ta farko na girke tukunyata kan kafet, kusa da hita, wai kar sanyi ya kama ta. Kullum da safe sai na kwarara mata ruwa kamar mai lambu a fadama. Ashe a hunturu tsiro barci yake, ba a ba shi ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. Iskar hita ta ƙone bakin ganyen, ruwa ya ruɓar da saiwar, ni kuma ina ganin ganye ya yi ɗorawa sai in ƙara ruwa. Ranar tashi na ɗaga tukunya, sai ga baƙin zobe a kafet, funfuna har jikin bango. Mai gida bai ɗaga murya ba. Takarda kawai ya aiko, ya zaftare fiye da rabin kuɗin ajiyata, wato jinginar da na ba shi lokacin kama ɗakin, ya haɗa har da tabon da na tarar a ɗakin. Na yi shiru, wai ni baƙo.

Wannan shirun shi ke ci mini rai har yau. Tun 2019 doka ta ce kuɗin ajiya a haya irin tamu kar ya wuce kuɗin hayar mako 5. Tun kafin nan ma wajibi ne mai gida ya shigar da shi wani asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. In kun saɓa, asusun na da masu raba gardama kyauta, amma hujja suke dubawa, ba rantsuwa ba. Ni ko hoto ɗaya ban ɗauka ba ranar shiga, takardar lissafin kayan ɗaki ma hannu na sa ban karanta ba. Yanzu ina faɗa wa ƙannenmu haka sai su ce, "Yaya, mai gidanmu mutumin kirki ne." Nawa ma har gaisuwar sallah yake aiko mini.

Sa faranti mai zurfi ƙarƙashin tukunya, ka ɗora ta kan ɗan benci, nesa da hita da bango. In abin ya rikice maka, tambayi iyayenmu mata da suka daɗe a nan. Akwai wata Hajiya da dabinonta ya kusa taɓo silin, kafet ɗinta kuwa tas, ga alayyafo tana nomawa a bayan gida duk lokacin zafi.